Taubashina Malam Zainu da Layin Masu Kunne

Duk wanda ya san Illela ya san Malam Zainulabideen, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan da ke wucewa ta gaban tasha da safe a kan jan babur, kaftani a goge kamar mai zuwa ɗaurin aure, jakar taron bita rataye a kafaɗa. Irin jakunkunan nan yana da su cike da ɗaki, kowace da tambarin ƙungiyar da ta raba ta. Mutane suna gaishe shi har da rusunawa, suna cewa a firamaren garin nan ba a yi malami kamarsa ba. Ni Tayyiba ba na gaishe shi. Ɗan kawuna ne, taubashina, tare muka tashi, kuma idon ɗiyata Shahida ne ya shiga tsakaninmu.

Babansa, Kawu Maliki, akawu ne a sakatariyar ƙaramar hukuma har ya yi ritaya. Asalinsu 'yan Sakkwato ne, gidan masu alƙalami tun kakanni. Innata ce kaɗai aka aurar gidan 'yan kasuwa, ni ma da na girma ɗan kasuwar na aura. Saboda haka a danginmu idan Zainu ya yi magana kan abin da ya shafi karatu, to an gama, sai dai a ce Allah ya ƙara sani.

Tun yana ƙarami shi mai son ware abubuwa ne. Zai yini a tsakar gidansu yana jera marafan kwalba, jajaye a nan, koraye a can, in ɗaya ya shiga cikin 'yan'uwansa sai ka ga hankalinsa ya tashi. Ni kuwa aikina in zo in sa ƙafa in watsa. Ya bi ni da gudu yana kirana baiwarsa, ni in ce shi ne bawana, manya suna dariya suna zuga mu. Haka muka girma. Ban taɓa gaishe shi gaisuwar kirki ba, shi ma bai taɓa kiran sunana ba tare da ya liƙa masa wata tsiya ba. Ranar aurena ya zo ya yi wa angon jaje. Ranar nasa na ce wa amarya ta yi haƙuri, gorar ɗebo zuma aka ba ta. Tsakanin taubasai ai ba a fushi, kuma ba a ɗaukar magana da nauyi, wannan kowa ya sani.

Ba zan yi masa ƙarya ba don ina jin haushinsa. Malami ne mai zuwa aiki. Da ya gama kwalejin horon malamai Tozai aka fara tura shi, kuma ko da damina, hanya ta cika da laka, yakan tura babur ya isa. Bai taɓa ɗaga bulala a kan ɗan kowa ba. Da aka dawo da shi cikin gari iyaye har kamun ƙafa suke yi a sa 'ya'yansu ajinsa. Cutarsa guda ce: duk abin da aka faɗa a ɗakin taro na otal, da majigi a bango da ruwan roba a kan tebur, to a wurin Zainu ya zama wahayi. Akwai shekarar da ya dawo ya ce komai da waƙa za a koya, har lissafin rabawa. Akwai wadda ya kwashe bencina ya jera su da'ira, yara suka yi zango guda suna karatu da wuya a karkace. Duk wannan dariya muke yi, tunda ba wanda ya cutu.

Sai shekarar da Shahida ta shiga aji huɗu. Ita ce ta ukuna, yarinya mai kai, in ta ji abu sau ɗaya ta riƙe. Ni da kaina na je na roƙi hedimasta ya sa ta ajin kawunta. A lokacin ne Zainu ya je wata bita Sakkwato ya dawo da sabuwar jaka da sabon ilimi. Wai yara kashi uku ne: akwai masu koyo da ido, akwai masu koyo da kunne, akwai masu koyo da hannu. Wai aikin malami shi ne ya gwada kowane yaro ya gane kashinsa, daga nan karatu ya zama ruwan sha.

Ya kuwa gwada su. Ya jera tarkace a kan faranti, cokali, allura, mabuɗi, ƙwallon goriba da sauransu, ya ɗaga a gaban aji na ɗan lokaci ya rufe da hankici, kowa ya faɗi abin da ya gani. Sannan ya ba su labari ya ce su maimaita. Sannan ya raba musu yumɓu da guntayen kara su ƙera abin da ya ce. Da ya gama ya sayo zaren ulu kala uku ya ɗaura wa kowa a wuyan hannu. Masu ido ja, su ne a gaba kusa da allo. Masu hannu shuɗi, a tsakiya. Masu kunne kore, can baya jikin bango, tunda a cewarsa murya ai tana isa ko'ina, ba su da buƙatar allo.

Abin takaicin, wani ɓangaren ya yi aiki. Akwai wasu yara 'yan Gidan Katta da lissafi ya gagare su a kan allo, da aka ba su kara suna ƙirgawa da hannu sai ga shi sun gane. Iyayensu har kaji suka kawo masa. Wannan ne ya ƙara kumbura masa kai, ya zama ba ya ganin yaro sai dai ya ga zare.

Shahida ta maimaita labarin kaf, har da inda ya yi tari. A faranti kuwa ko rabi ba ta faɗa ba. Jama'a, yarinyar da ta haddace labari daga ji ɗaya, a ce ta kasa tuna cokali? Ai ko wawa zai tsaya ya tambayi dalili. Zainu bai tambaya ba. Ya ɗaura mata kore ya tura ta baya, ta dawo gida tana murna tana nuna mini hannu, wai Kawu Zainu ya ce ita ce shugabar masu kunne.

A gida ni wani abu nake gani daban. Tana bugun gefen ƙofa da kafaɗar hagu. Tana shure buta a tsakiyar rana. In na kira ta daga gefe sai ta juyo da kanta gaba ɗaya kafin ta same ni. Ga ciwon kai da yamma, ta kwanta ta rufe fuska da hijabi ta ce haske na damunta. Na kai ta kemis aka ba mu maganin ɗigawa na jan ido, muka ɗiga ya ƙare, ba abin da ya canza. Hankalina ya ƙi kwanciya, na sa mayafi na tafi makaranta.

Na tarar da shi a gindin dogon yaro lokacin tara, shi da sauran malamai suna cin gyaɗa. Tun daga nesa ya fara.

"Ku ɓoye gyaɗarku, ga baiwata nan ta taho da yunwa."

Na ce, "Zainu, magana ta kawo ni. Ɗiyar ga ba ta gani da kyau. Ka maido ta gaba, kuma ka duba min ita a aji."

"Gadon uwarta ta yi. Ke yaushe kinka taɓa ganin gabanki?"

Malamai suka kwashe da dariya, har wata tana tafa hannu.

Na ce, "Wallahi ba wasa nike ba."

"Haka kike cewa kullum. Ranar da kinka ce akuyata ta faɗa rijiya ma wallahi kinka ce."

Gaskiya ne, na taɓa yi masa haka muna yara. To sai me? Na tsaya a gabansa ina jero masa ƙofa da buta da ciwon kai, shi yana ɓare gyaɗa yana gyaɗa kai yana murmushi, yana jiran inda zan saki dariya. Da ya ga ban saki ba, sai ya gyara zama ya koma malami. Wai abin da nake gani alama ce ta mai koyo da kunne. Wai irinsu hankalinsu yana kan sauti, ba sa kula da abin da ke gabansu, shi ya sa suke tuntuɓe. Wai in na matsa mata da allo zan kashe mata baiwarta. Ya rufe da cewa in koma gida in ji da tukunya, in bar wa masu karatu karatu. Aka sake dariya. Na ja tsaki na tafi, ina jin wata malama tana cewa ita dai wasan taubasan nan yana burge ta.

Zuwa asibitin ido sai Sakkwato, kuma ba zan ɗauki yarinya in kama hanya ba da izinin ubanta ba. Maigidana, Alhaji Maharazu, albasa yake kaiwa Ƙonni ya sayo kaya ya dawo, kuma a shekarar nan an rufe boda, in ya tsallaka sai ya daɗe bai samu dawowa ba, in ya dawo kuma kansa a ɗaure da lissafin sefa da naira. Da na same shi a zaune na faɗa masa komai. Ya saurara, ba zan ce bai saurara ba. Sai ya ɗauki waya ya kira wanda ya fi kowa sani a dangi.

Ina jin muryar Zainu ta wayar. "Alhaji Maharazu, kai ma ka biye wa wagga? Ɗiyarka lafiyarta lau. Kimiyya ce, mun gwada ta." Ya bi shi da Turanci mai tsawo, Alhaji yana ta cewa na'am, na'am, alhali ko kalma ɗaya bai ɗauka ba.

Da ya kashe ya ce mini, "Kin ji. Malam shina tare da ita kullum, da da wani abu da ya gani. Ke da taubashinki ba ku gajiya, komi ya yi sai kin kushe."

Nan ne abin ya fi ci mini rai. Da wata uwa ce can daban ta je makaranta ta ce ɗiyarta ba ta gani, da Zainu ya miƙe tsaye ya ba ta kujera. Da maƙwabciya ce ta faɗa wa Alhaji, da ya nemi mota. Amma ni, don ni ce Tayyiba ɗiyar gwaggonsa, duk abin da ya fito bakina a kansa tsokana ce, ko da ina kuka.

Na sake gwadawa a wani suna da aka yi gidan Kawu Maliki. Na ce a gaban manya dai zai ji nauyi. Na tare shi a tsakar gida, mata cike, na ce ya ji tsoron Allah, zarensa zai makantar mini da ɗiya. Kafin in rufe baki wata gwaggonmu ta rangaɗa guɗa. Aka yi caa, wasu na cewa Tayyiba ta ci, wasu na cewa Malam, rama mana. Shi kuwa ya ɗaga hannu ya ce a yi mini uzuri, kishi nake don ɗiyata ta fi ni kai. Innata da kanta tana dariya har da share hawaye. Tir! Na koma ɗaki na zauna, ko tuwon sunan ban ci ba.

Sai jarrabawa ta zo ta ƙara ɓata lamarin. Zainu ya ce adalci shi ne kowa a gwada shi ta hanyarsa, don haka masu kunne karanta musu tambayoyi ya yi suka amsa da baki. Shahida ta zo ta ɗaya. Ranar raba sakamako ya kira ta gaban taro ya ɗaga hannunta mai koren zare ya ce ga hujja. Daga baya har baƙi ya kawo daga Sakkwato, masu shirya bitar, suka shiga ajin suka ɗauki hoto, aka sa ta ta tsaya jikin bango ta maimaita musu darasi da ka. Suka tafa. A cikinsu duk babu wanda ya ce mata karanta abin da ke kan allo. Alhaji kuwa ya yi ta yawo da labarin a kasuwa, ɗiyarsa ta ɗaya. Ni na zama muguwar uwa mai neman ciwo a jikin yarinya lafiyayya.

Haka shekarar karatu ta ƙare, aka shiga wata, Zainu ya bi ajin zuwa aji biyar don kada wani malami ya rusa masa layuka.

Abin da ya buɗe wa Alhaji ido burodi ne. Duk dawowarsa daga Ƙonni yakan riƙo dogon burodin can, kuma yana da wata al'ada da Shahida: ya lallaɓo ba sallama ya miƙo shi ta gefen fuskarta, ita ta cafke tana ihu. Ranar da la'asar tana zaune a tabarma tana tsince mini wake. Ya shigo a hankali, ya yi mini alama in yi shiru, ya tsaya ta hagunta ya miƙo burodin har ya kusa taɓa kuncinta. Ba ta motsa ba. Ya kaɗa shi. Idonta a buɗe, tana ta tsintar wake. Can sai ta ɗaga hanci ta ce, "Umma, ina jin ƙanshin burodin Ƙonni. Ko Abba ya dawo?"

Alhaji ya ajiye mata burodin a cinya. Wannan karon bai kira kowa a waya ba. Washegari da sassafe muna cikin motar Sakkwato.

Likitar mace ce, ta daɗe tana haska idon da fitila tana aune-aune. Ta ce hawan jinin ido ne, ba kasafai yake kama yara ba amma yana kamawa. Ta ce jijiyar idon hagu ta riga ta mutu, ba ta dawowa. Na dama ya taɓu, amma akwai saura, kuma za a yi ƙoƙarin riƙe sauran da maganin ɗigawa, ƙila da aiki nan gaba. Ta tambaye ni tun yaushe na lura. Da na faɗa mata sai ta ajiye abin hannunta ta dube mu. Ta ce da a lokacin aka zo, da wata maganar ake yi. Alhaji ya fita waje. Ta ce mini a makaranta lallai yarinyar ta zauna gaba, dab da allo, inda haske yake, ta yi amfani da abin da ya rage mata.

Zainu ya zo dubiya da ledar lemo. Ya zauna bakin ƙofa ya sunkuyar da kai, ban taɓa ganinsa haka ba. Na ɗauka zai ce ya yi kuskure. Abin da ya fito bakinsa shi ne Allah ya riga ya ƙaddara, kuma su a bitar ba a yi musu zancen ciwon ido ba. Kai! Sai an tara ka a otal an ba ka jaka kafin ka san yaron da ke karo da ƙofa yana buƙatar likita? Na ɗauke kaina har ya tashi. Ya koma makaranta ya ci gaba da layukansa, ko zare ɗaya bai kwance ba.

Innata ta sa ni gaba da nasiha. Wai ɗan'uwana ne, jini ɗaya, wai ba da gangan ya yi ba, wai mu koma wasanmu kamar da, zumunci ya fi komai. Na san shi ma ta je ta faɗa masa haka, ta ce ya tsokane ni ko zan huce.

Da Shahida ta samu sauƙi ta ce ita makaranta take so. Na sa almakashi na yanke koren zaren na jefa a murhu, na riƙe hannunta muka tafi tare. Mun tarar ana tsakiyar darasi. Ban yi sallama ba. Na wuce kai tsaye bencin farko, na ce wa wata yarinya ta matsa, na zaunar da ɗiyata daidai tsakiyar allo, na ajiye mata jakarta. Shahida ta ɗaga kai tana kallon rubutun, tana ɗan karkata fuska, na ga leɓenta ya fara motsi tana haɗa baƙaƙe.

Zainu yana tsaye da alli a hannu. Ya dube ni, ya dubi yara, ya rasa inda zai sa kansa. Sai ya yi abin da ya saba yi da ni tun muna tsakar gidan Kawu. Ya ƙaƙalo murmushi ya ce, "Baiwata, ko gaisuwa babu? Kuma kin yi ɓatan kai, wanga layin masu ido ne."

Da ni yake, kuma wasa yake, na sani. Amma Shahida ba taubashiyarsa ba ce. Ita malaminta ne ya yi magana, kuma bai taɓa faɗa mata abin da ba haka yake ba. Kafin in buɗe baki ta ɗauki jakarta ta miƙe.

Ta ce, "Yi haƙuri, Kawu."

Ta juya, tana dafa bakin benci ɗaya bayan ɗaya da hannun hagu, ta nufi baya.